Amilcare Mai Shiga Ramin Ruwa

Amilcare ɗan siririn mutum ne, shi ya sa tun yana saurayi aikin ramukan ruwa ya faɗo masa. A ƙarƙashin gonakin inabinmu na tudun Sorano akwai hanyoyin ruwa da Etruskawa, tsoffin mazauna yankin, suka fafe cikin dutse tun zamanin da. In suka toshe, ƙasa takan jiƙe ta zame har da kurangar inabin. Sai da rarrafe ake shiga, kuma kafaɗun ƙattin garinmu ba sa wucewa. Shi yake shiga da fitila a goshi da 'yar fartanya, ya kwashe laka da saiwoyi, a sallame shi da tulun giya da cukun tumaki. Matarsa Ilva ce mai riƙe igiyar da ake ɗaura masa, ba ta taɓa barin wani ya riƙe ba.

Da ya haura saba'in gwiwoyi suka ƙi, ya daina.

Sai wata shekara, ana gab da tsinkar inabi, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Da safe na gangara ƙasan gonata na tarar bakin ramin ba ko ɗigo, alhali sama sai zuba take yi. Katangar dutsen da ke tare gonar ta fara yin ciki. Gidan maƙwabcina Nazzareno yana daidai gindinta, mahaifiyarsa na kwance a ciki ba ta iya tashi, hanyar mota kuma ta yanke.

Ba wanda ya aika wa Amilcare, da kansa ya zo, Ilva na biye da shi.

"Tsoho, ba inda za ka," in ji ta.

"To ke ki shiga."

"Da wannan ƙugun? So kake in ƙarasa toshe shi."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ɗaura masa igiyar, ta ja ƙullin da haƙori.

Ya rarrafa ya shige, ni da Nazzareno muka tsaya muna kallon igiyar tana shigewa a hankali, can sai ta tsaya cak. Duwatsu suka fara gangarowa daga katangar.

"Ilva, mu jawo shi," Nazzareno ya ce.

"Cire hannunka. Aiki yake yi."

Ba ta ja ba. Sai muka ji wani gurnani daga cikin tudun, jan ruwa ya ɓarko da ƙarfi, Amilcare a cikinsa. Ya wuce ta gabanmu ya nufi kwari. Ilva ta faɗi ƙasa da igiyar a hannu, muka faɗa kanta muka riƙe tare, har muka jawo shi bakin kwarin, laka har cikin hanci.

Ya karye a haƙarƙari, kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Ita kuwa fatar tafukanta ta saluɓe. Katangar ta tsaya, inabin ma mun tsinka, sai dai giyar shekarar ba ta yi daɗi ba.

Amilcare ya rasu bara a kan gadonsa. Yanzu wani kamfani ke zuwa da inji ya wanke ramukan, amma mesarsu rabin hanya take kaiwa. In ruwa ya yi yawa, Nazzareno yakan kwashi iyalinsa su koma gidan ƙanwarsa a cikin gari.