Gunkin Mijin Yayata

Shekaruna na farko a Amurka a gidan yayata na yi su, a garin Bowie, kusa da Washington. Ita likitar yara ce, ni kuma ina aikin jinya a wani asibiti cikin Washington. Ɗakin ƙasa suka ba ni, bango ɗaya da gareji, saboda haka duk abin da mijinta zai yi a garejin nan ni ce farkon ji.

Mijin nata malamin jami'a ne, injiniyanci yake koyarwa. A lokacin ba a kai shi matsayin farfesa ba, amma ya riga ya ba kansa, kuma mutanenmu na yankin duk suka bi shi a haka, har da ni. Mutum ne da ba ya iya son abu a cikin ransa ya yi shiru. In ya karanta littafi guda a kan wani al'amari, to kowa a gidan sai ya sha darasi, wajen shan shayi, a cikin mota, har ta bayan ƙofar banɗaki.

Wata shekara ya je taro a New Zealand, a hanyar dawowa ya yada zango a wani ƙaramin tsibiri na kudancin tekun Pasifik. Ya dawo mana da riga mai furanni da wani akwati mai nauyi. Muka zata tsaraba ce. Da aka buɗe, sai ga gunki.

Tsayinsa ya kai gwiwar mutum. Katako ne mai duhu, da ƙaton kai da ya kusa cinye rabin jikin, idanu dogaye kamar ganyen mangwaro, gajerun ƙafafu a lanƙwashe, hannuwa dafe da ciki. Kuma tsirara yake, ba abin da mai sassaƙar ya ɓoye. Yaya ta dube shi, ta shiga kicin ta ɗauko tawul ta ɗaura masa a ƙugu. Farfesa ya kwance tawul ɗin ya miƙa mata.

“Wannan shi ne ubangijin teku a wurin mutanen can,” in ji shi. “Masunta a goshin kwalekwale suke ɗora shi. Ke kina ganin tsiraici, ni tarihi nake gani.”

“To tarihin nan a falona zai zauna?”

A falon ya zauna, kusa da talabijin.

Daga ranar muka shiga makarantar teku. Kakannin mutanen nan, a cewarsa, sun ratsa ruwan da ya fi kowane ruwa faɗi a duniya cikin jirage na katako, biyu a haɗe, ba inji, ba taswirar takarda. Taurari suke karantawa, inda wannan ke fitowa da inda wancan ke faɗuwa. Mai jan jirgi yakan kwanta a cikinsa ya ji yadda igiyar ruwa ke bugun katako, daga nan ya san akwai tsibiri a gaba tun ido bai gani ba. Suna lura da tsuntsayen da ba sa kwana a kan ruwa, in yamma ta yi su bi bayansu. Sannan sai ya zo kan turawan mishan, a nan muryarsa take rawa. Sun zo sun tara gumakan mutane sun cinna musu wuta, wasu sun sassare su, masu kyan kuma sun kwashe zuwa ƙasashensu.

“Sun sare wa al'umma kai,” yakan ce, yana buga tebur. “Mutumin da zai sa ƙarfe a jikin irin wannan aiki, dabba ne.”

Ba na musun cewa zancen akwai daɗin ji. Wata ranar hutuna na hau jirgin ƙasa ni kaɗai na je wani gidan tarihi a cikin gari, na daɗe a tsaye gaban wata taswirar mutanen tekun nan da aka yi da tsinke da ƙananan wuri irin na kuɗin da, kowane wuri tsibiri ne, kowane tsinke hanyar igiyar ruwa. Mutanen sun burge ni ƙwarai. Mai ba mu labarinsu ne bai burge ni ba. Wannan mutumin da ke koya mana bin taurari, shagon da muke sayen nama, wanda ya shekara da shekaru yana zuwa, ba zai iya kai kansa ba sai waya tana ce masa yi dama, yi hagu. Ran da cajinta ya ƙare a hanyar garin Manassas, sai ya kira Yaya ta wayar wani mai gidan mai, ta bar aikinta ta je ta jawo shi.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kawo katako, ya ce zai gina irin kwalekwalen da hannunsa ya saka shi a kogi. Bai iya iyo ba, a Katsina aka haife shi, ruwan da ya fi sani shi ne na randa. Ya yi 'yan makonni yana ƙwanƙwasa, ya ɗauki hotuna da yawa yana riƙe da guduma, sai ya gaji. Rabin jirgi ya cika gareji. Motar Yaya ta koma kwana a waje, duk lokacin sanyin nan ita ce ke fita da asuba tana kankare ƙanƙara daga gilashi kafin ta tafi asibiti.

A ɓangaren da nake aiki akwai wata nas, ta girme ni sosai, 'yar irin tsibiran nan ce. Mace mai jiki, mai yawan dariya, ba ta fashin coci. Na yi kuskuren ambatonta a gida. Farfesa ya hana ni sakat sai da na gayyato ta cin abinci.

Yaya ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Baƙuwar ta shigo da kwanon kifi da aka dafa da madarar kwakwa. Tana ganin gunkin ta tsaya, ta sunkuya ta shafa kansa kamar yadda ake shafa kan jariri.

“Kakana yana da irinsa,” ta ce da Turanci, “amma ƙarami. A cikin kwalekwale yake ɓoye shi, ƙarƙashin raga, don kada fasto ya gani. Ranar Lahadi kuma shi ne a sahun gaba.”

Na so ta ci gaba. Ina son in ji yadda tsohon yake, ko yana yi wa abin magana, ko matarsa ta sani. Farfesa bai bari ba. Ya karɓe zancen ya shiga yi mata bayanin abin da kakanta yake nufi. Da ta faɗi sunan gunkin, sai ya gyara mata furuci. Ta ce ita ba ta san komai game da taurari ba, jirgin ruwa ma juwa yake sa ta, abin da ta sani kawai shi ne ƙamshin kwalekwalen kakanta. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce wannan ita ce ɓarnar mulkin mallaka, ya tashi ya ɗauko littafi ya ba ta aro. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ci tuwonta. Da za ta tafi ta ja Yaya gefe ta ce a riƙa shafa wa katakon man kwakwa, don zafin na'urar ɗumama ɗaki yana tsaga itace. Yaya, wadda ba ta taɓa son abin ba, ita ta riƙa shafawa.

Ana nan sai zaɓen ƙungiyar mutanenmu ya matso, Farfesa ya ce shi zai yi shugaba. Abokin takararsa wani mai harhaɗa magunguna ne, mutanensa suka fara raɗa cewa ai Farfesa gunki yake ajiyewa a falo. Azumi ya kama, Farfesa ya shirya buɗa-baki a gidansa, ya gayyaci kowa, har da wani dattijon malami da ke ja mana salla a Manassas. Malam mutum ne mai sauƙin kai. Da raɗar ta kai kunnensa, ya kira Farfesa ya ce masa a hankali ya fitar da abin daga gida, shi ke nan, ba sai an yi surutu ba.

Yaya ta ji daɗi. Ta ce, “Ka kai shi ofishinka. Ko ka ba wa matar nan da ta zo, ka ga yadda ta shafa shi.”

“In na ɓoye shi za su ce ɓoyewa na yi,” in ji shi. “Sai sun gani da idonsu.”

Ban gane abin da yake nufi ba sai ranar buɗa-bakin. Na dawo daga aiki na kwanta, wajen azahar ƙarar zarto ta tashe ni. Na yafa mayafi na leƙa gareji. Ya kwantar da gunkin a kan rabin jirginsa, ya danne shi da gwiwa, yana yanka wuyan.

“Farfesa, me kake yi haka?”

“Ƙanwata, koma ki kwanta. Na bincika, in aka cire kai ya tashi daga surar mai rai, ya zama itace.”

“Ba kai ka ce mai sa masa ƙarfe dabba ne ba?”

“Wancan daban, wannan daban. Ba za ki gane ba.”

Katakon yana da tauri. Zarton ya riƙa maƙalewa, shi kuma yana gumi yana tsaki, ga azumi a bakinsa. Injiniya guda, yankan ma bai iya yi daidai ba, ya karkace ya ci kafaɗa ɗaya. Da kan ya faɗi ƙasa ya gangara, ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin jirgin.

Ni musulma ce, ba ni da wata ƙauna ga gunki, kuma da tsoron Allah ne ya sa shi, da ban ce uffan ba. Turawan da yake zagi, ko ba komai sun yarda da abin da suke yi. Shi kujerar ƙungiya yake so, ƙungiyar da babban aikinta shi ne kama zauren taro ranar salla.

Da magariba gida ya cika. Bayan an sha ruwa an yi salla, ya fito da gangar jikin ya ajiye a tsakiyar falo, yanzu kam da tawul a ƙugu. Ya ce ya sayo shi ne cikin rashin sani, da gaskiya ta bayyana masa kuwa bai yi wata-wata ba, ya yi abin da annabawa suka yi wa gumaka. Wasu suka yi kabbara. Malam ya dubi abin, ya dubi Farfesa, ya ce, “Ai da fitar da shi kawai ka yi.” Sannan ya juya ya tambayi Yaya ko akwai sauran kunu. Ba wanda ya kula da maganarsa. Farfesa ya ci zaɓe.

Na ɗauka ƙarshen abin ke nan, za a kai shi bola. Sai ya ɗauke shi ya kai ɗakin karatunsa na sama, inda mutanenmu ba sa hawa.

Bayan wasu watanni ya gayyaci abokan aikinsa na jami'a cin abinci, turawa ne yawancinsu. Ina shigowa da tire na tarar an sauko da gunkin, an cire tawul, an haska shi da fitila. Farfesa yana tsaye a kansa da rigarsa mai furanni, muryarsa tana rawa irin ta da.

“Ku dubi wuyan,” yake ce musu. “Ku dubi yadda yankan ya karkace. Cikin fushi aka yi shi. Aikin 'yan mishan ne, tun zamanin kakannin mutanen can. Kan kuwa ba wanda ya san inda yake.”

Wata farfesa mai furfura ta dafe ƙirji. Wani ya durƙusa yana ɗaukar hoto. Kan yana nan ƙasa da ƙafafunsu, cikin gareji, gizo-gizo ya yi saƙa a idonsa.

Ya hango ni, ya ce da Hausa, “Ƙanwata, zuba musu zoɓo.”

Na ce, “To, Farfesa. 'Yan mishan ɗin, da zartonka mai jan hannu suka yi aikin, ko na maƙwabci suka ara?”

Ko gezau bai yi ba. Ya yi dariya, ya juya ya gaya wa baƙin cewa na ce abin yana sa ni baƙin ciki duk lokacin da na gan shi. Matar mai furfura ta kama hannuna ta matse.

A kicin na sami Yaya tana jera kofuna. Ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ki bar shi. Ni na san wanda na aura.” Ban sake tayar mata da zancen ba, don na ga ita ta riga ni raina shi da shekaru, ta dai zaɓi ta yi shiru ta ci gaba da rayuwarta.

Abokiyar aikina, 'yar tsibirin nan, ita na gaya wa komai, muna zaune a ɗakin hutu. Ta ajiye cokalinta. Ta tambaya ko zai yarda ya ba ta kan da gangar jikin, tana da ɗan'uwa kafinta da zai iya haɗawa. Na kai masa saƙon. Ya ce sam, abu mai tarihi irin wannan ba a ba wa wanda bai san darajarsa ba, kuma in tuna mata littafinsa yana wurinta.

Ta dawo da littafin washegari a cikin leda. Kafin sanyi ya sake zagayowa na sami ɗaki a unguwar Takoma Park na tashi. Har yau in mun haɗu a taron salla nakan gaishe shi yadda ake gaida mijin yaya, in rusuna, in tambayi aiki. Shi kuma yanzu dawakin Larabawa yake karantawa, ya ce zai sayi gona a jihar Virginia.