Mama mai doya ta karɓe mini kibod

Jama'a, yau an koya mini aikina a shagona!

Ina cikin haɗa bidiyon bikin 'yar wata Mama mai doya, sai maus ɗin kwamfutata ya mutu. Ga Maman tsaye a kaina, motar Agyaragu tana jiranta.

Na ce, "Mama, sai dai gobe."

Ta ce, "Wane gobe? Matsa, ɗana."

Ta ja kibod gabanta. Ta danna nan ta yanke, ta danna can ta goge. Kafin in rufe baki ta gama!

Na ce, "Mama, ina kika koya?"

Ta ce, "Wa kake tsammani yake haɗa mini bidiyon tallan doya?"

Tana fita na danna Ctrl da Z, in ga abin da ta goge na ƙarshe. Ashe inda kyamara ta kama ta tana ɗura naman biki a jaka ne!