Ranar da Oga Ya Karɓe Makullin Babur

A cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya, akwai rana ɗaya da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, gara ku ji ta daga bakina.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a Kafanchan. Aikina shi ne zagaya ƙauyukan bayan dutsen Kagoro ina yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda. Maganin nan ba ya son zafi. A firjin kananzir ake ajiye shi a ofis, in za ka fita sai ka sa shi a fulas da ƙanƙara. In ƙanƙarar ta narke kafin ka gama, maganin ya zama ruwan banza. Ni kuwa keke ne da ni, saboda haka ƙauyukan nesa sai dai in an samu mota, motar kuma ba ta cika samuwa ba.

A siton ofishinmu akwai wani ƙaton babur na tafiyar nesa. Wani likita Bature ne ya ratso hamada da shi, da zai koma gida ya bar shi ya ce a yi aikin ƙauye da shi. Babu wanda ya kula, ya yi ta cin tsatsa, tayoyinsa suka zauna. Na je wurin shugabanmu, Mista Dogara, na nemi izini in gwada gyara shi. Ya yi dariya ya ce in ɗauka, ai gawa ce, in na tayar da ita tawa ce.

Ni ba makanike ba ne. Na tura shi har gida, na jingine shi ƙarƙashin mangwaro, kullum in na tashi aiki sai in zauna a kansa. Tankin na fara cirewa, na zuba tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa har tsatsar ta fita. Kafireta na kwance ta a cikin kwanon matata Rahila, ina jera kowane ƙarfe yadda na cire shi don kada in rikice. Da ta ga kwanon miyarta da baƙin mai, ta ce ko dai babur ya bar gidan ko ita. Daga baya ita ce ke riƙe mini shi in ina ɗaure ƙafar baya. Wayar kuloci ta tsinke, babu irinta a kasuwa, sai na haɗa da ta wani babur. Akwai wani ƙarfe a injin da ya cinye, shi kuma Malam Tanko, wani fita, wato mai gyaran inji, a wurin gyaran jirgin ƙasa, ya yanka mini sabo. Na sauya fulogi, na wanke sarƙa, na yi wa tib faci har ya fi kama da tsumma. Damina guda na yi ina wannan fama. Ranar da na buga kik ya tashi, maƙwabta har da tafi.

Da rani ya shigo na fara zagaye da shi. Inda da nake kwana a hanya, yanzu da hantsi na isa. Salansarsa tana da wata irin ƙara mai kauri, babu mai irinta a duk yankin. Mata suka gane ta. Da sun jiyo ta daga nesa sai su bar abin da suke yi, su goyo yara su fito bakin hanya, kafin in kafe babur har sun yi layi.

Wata Asabar aka tsara zan je wani ƙauye mai nisa, don ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen da ke kusa da su. Na riga na aika wa mai unguwa. Da safe na sa magani a fulas, na ɗaure a bayan babur, sai masinja ya ce Oga na kira. Na same shi ya sha kwat da hula. Ya ce ya duba, ma'aikaci mai matsayina ba shi da izinin riƙe abin hawa mai girma haka, kuma ma wa ya ce in kwance kayan gwamnati a tsakar gidana. Na tuna masa cewa shi ya ba ni. Ya ce wasa yake yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin yana cikin ƙanƙara, mutane suna jira. Ka bari in je in dawo, gobe ka karɓa."

Ya miƙo hannu ya ce, "Bulus, ba ni makulli. Kekenka yana nan, ko ba ya nan?"

Sai daga baya na ji cewa ɗaurin auren ƙanensa za shi, yana so ya shiga gari a kan babban babur.

Na ɗaure fulas a keke na kama hanya. Rana ta buɗe, hawan dutse kuma dole in sauka in tura. Na jiƙa buhu a rafi na naɗe fulas ɗin, duk da haka kafin la'asar da na buɗe ruwa ne kawai ke motsi a ciki, har ya yi ɗumi. Na san ba zan tsira wa ɗan kowa wannan ba.

Da na iso mararrabar ƙauyen na tarar da mata zaune a gindin ɗorawa da yara a cinya. Ashe hanyar bikin ta nan ta bi. Sun ji ƙarar babur da safe, sun fito da gudu, mai babur ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Suka zauna suna jira wai zan dawo. Wata mata mai suna Ladi, wadda kullum takan ajiye mini kunu, ta tashi da ɗanta a baya ta ce, "Likita, mun ji ka wuce. Mun ɗaga hannu, ka ƙi tsaya. Me mun yi maka?"

Na ce ba ni ba ne. Ta dubi keken, ta dube ni. Na gaya musu magani ya lalace, su koma gida. Ban taɓa jin nauyin magana a bakina kamar wannan ba.

Kafin wani magani ya iso daga Kaduna, ƙyanda ta shiga ƙauyen. Ba zan rantse cewa allurar ranar za ta ceci kowa ba, Allah ne ya sani. Amma ɗan Ladi yana cikin waɗanda aka binne, kuma yana cikin waɗanda suka wuni a gindin ɗorawar nan. A taron ofis kuwa Mista Dogara ya tsaya a gaban kowa ya ce sakacina ne ya lalata maganin gwamnati.

Bai daɗe da babur ɗin ba. Hawa kawai yake yi, ba ya duba baƙin mai, har injin ya kama. Ya sa aka kira ni, ya ce tun da na san kansa in ɗauka in gyara. Na ce zan gyara, amma sai ya bi ni ƙauyen nan ya gaya wa matan wanda ke kan babur ranar. Ya ce wannan rashin kunya ne. Wata bai cika ba aka yi mini canjin wurin aiki. Babur ɗin kuma masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe. Shi Oga ƙarin girma ya samu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin ƙauye bai san ofis ba, bai san wane ne babba wane ne ƙarami ba. Fuskarka ya sani, kai zai tambaya. In wata rana ɗayanku ya zama oga, makulli yana hannunsa, ya tambayi kansa su wa ke jira a bakin hanya kafin ya sa shi a aljihu. Shekaru bayan haka na haɗu da Ladi a kasuwar Kafanchan tana sayar da citta. Na gaishe ta, ta amsa da ladabi, amma ba ta kira ni Likita ba.