Damin da Baba ya hana gardi

Jikata mai binciken irin hatsi ta zo neman tsohon irin geronmu, sai Baba ya faɗo mini a rai. Kafin girbi yakan bi gona yana shafa zangarniya, ya ɗaura tsumma a kan waɗanda suka jure fari.

Shekarar da gardin kumandan, wato ɗan sandan bature, ya zo garinmu Bande kwasar hatsi, hannunsa ya kai kan damin irin. Baba ya tare gabansa.

"Ɗana, kwashi na ci duka," in ji Baba. "Wannan gonar baɗi ce."

Gardin ya zabga masa bulala uku, amma ya bar damin. Jikokin damin nan na auna wa jikata. Allah ya sanyaya bayan nan a kabari.