Tabon Zamzam

Teburin nan shi kaɗai ne abin da na zaɓa da kaina a ɗakinmu na unguwar Nima. A New Town na gan shi wajen wani kafinta: an manna siririn katako mai launin zuma a samansa, an fesa masa man sheƙi har kana ganin fuskarka a ciki. Ko ƙuda ya sauka a kai sai na harare shi.

Shekarar da surukata ta dawo daga Makka, aka yanke shawara, ba tare da an tambaye ni ba, cewa a falona za ta karɓi 'yan barka da sauka, tunda ni ce mai teburin kirki. Mata suka yi ta zuwa daga Maamobi da Kotobabi. Kowacce ta rungume Hajiya, a tsiyaya mata zamzam a ɗan kofi, ta kurɓa, ta shafa sauran a fuska, sannan ta dire jiƙaƙƙen kofin a kan teburina. Ina murmushin dole. Wa ya isa ya ce a matsar da zamzam?

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, na tarar saman teburin ya cika da fararen zobba, ruwa ya shige ƙarƙashin sheƙin. Na zauna na yi kuka mai isata.

Gidanmu na haya ne, shawara ba ta yankewa. Mai sayar da koko ta ce man kaɗe da toka. Wata ta ce man goge baki. Teburin ya yi ta ƙamshin na'ana'a, zobban ko gezau. Na kira kafintan a waya.

“Madam, sa tsumma a kai ka yi guga kaɗan-kaɗan,” in ji shi. “Kar ya yi zafi sosai paa, katakon zai kumbura.”

Ranar an ɗauke wuta, sai na aro dutsen guga na gawayi wajen telan bakin layi. Wata maƙwabciya ta leƙo, ta koma tsakar gida tana salati, wai a nemo malam, na fara yi wa teburi guga.

Amma abin ya yi. Zobban suka riƙa dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Saura guda, a gefen da Hajiya ke zama, sai ga ta ta shigo.

“Me kike yi, ɗiyata?”

“Mma, tabon ruwa nake cirewa.”

“Wane ruwa? Na famfo?”

Na ajiye dutsen, ina jiran faɗa. Sai ta zauna a hankali, ta ɗora yatsa a kan zoben.

“Dabino ya ƙare. Carbi na raba, sallaya na raba, jarkar zamzam ma an ɗauraye an shanye. Haƙorin Makka kuwa, ina za a maƙala mini?” Ta buɗe baki ta nuna mini dasashi. “Bar mini wannan, in dinga gani in san na je.”

Dariya ta kama ni, hawaye kuma suka biyo ta. Na fita na zubar da garwashin, na mayar wa tela dutsensa.

Hajiya ta rasu bara. Har yau duk baƙon da ya ga zoben sai ya kawo mini maganin cire shi. Nakan yi godiya, in miƙa masa shayi, in ce ya riƙe kofinsa a hannu.