Zuciyar Inna a Mudu Biyu

Shekarun baya can, lokacin da nake tsaka da ɗauko masara daga Gwada ina kawowa Minna, ƙafafun mahaifiyata suka fara kumbura. Daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta tsaya tana haki. A shekarar ce kuma na yi mata alkawarin kujerar Hajji, har ta ɗinka fararen kaya ta adana a akwati.

A asibiti aka yi mata hoton zuciya, irin wanda ake shafa wani mai mai sanyi a ƙirji a riƙa goga na'ura. Na tsaya bayan likitar ina kallon allon. Wani abu ne toka-toka yana buɗewa yana rufewa, kamar kifi a ƙarƙashin ruwan kogin Chanchaga idan rana ta yi sanyi. Inna ta juyo da kai, ta daɗe tana kallo.

"Ashe ke ce," ta ce wa zuciyar tata. "Sannu da aiki."

Likitar ta ce zuciyar ta yi rauni, jinin da take turawa a kowane bugu ya yi kaɗan. Sai magani, tafiya kuma a dakata.

Bayan wasu watanni ta tura mu Abuja, aka saka Inna cikin wata na'ura mai dogon rami, MRI, don a gano musabbabin raunin. Awon ƙarfin zuciyar ya fito sama da na farko. Ni kuwa idan aka taya kayana sau biyu, mai tsokar nake kamawa. Da murnata na koma wurin likitar.

"Likita, ga tayi mai kyau. A sallama mana a kan wannan, a rage magani, ta tafi."

Ta yi dariya. "Malam, nan ba a ciniki. In ka auna buhu da mudun Gwada, gobe ka auna da na Barkin Sale ka ga ya ƙaru, masarar ce ta haihu?"

Ta ce na Abuja ya fi zurfin gani da daidaito, nata kuma ya fi sauƙin maimaitawa, amma in ana son sanin ko zuciya ta samu sauƙi, sai a koma kan mudun da aka fara da shi.

Aka sake shafa man. Kifin nan yana nan yadda muka bar shi, yana iyo a gajiye. Inna ba ta ko dube ni ba, allon ta kalla.

"Ba na gaggawa," ta ce. "Ki dai riƙe ni har Arfa."

Fararen kayan suka ci gaba da zama a akwati, ita kuma ba ta taɓa tsallake maganinta ba. Sai a wata shekarar likitar ta yarda, da mudunta na farko, Inna ta je ta sauke farali.

Tun lokacin na daina kama labari don kawai ya yi mini daɗi. Inna ta rasu yanzu, Allah Ya jiƙanta. Amma duk sanda motar kayana ta hau gadar Chanchaga, sai na leƙa ruwan, in ce a raina: sannu da aiki, kin kai ta.