Koren Shayi a Misfala

A rumfar shayin Dawuda da ke unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, inda Hausawa ke taruwa in ɗari ya shigo, wani baƙo yana zaune bisa dugadugansa kamar mai tahiya. An ce alhajin Japan ne, yaƙi ya tare masa hanyar gida. Siriri ne, rigarsa duk faci amma fes.

Ruwan zafi kawai ya roƙa. Ya karkaɗe ɗan gwangwani a kwano, koren garin shayin ƙasarsu ya zubo, na ƙarshe ke nan. Yana kaɗawa da ɗan maburgin gora, ko ƙiftawa ba ya yi. Ƙila ya shekara gaban wani malami yana koyon wannan kaɗi. Da ya gama, ya ɗago kai ya dubi Dawuda.

"Malam Dawuda, kada ka sha," Tsoho mai ɗinki ya raɗa masa. "Wa ya san abin da ke ciki?"

Baƙon ya juya kwanon a tafinsa, ya miƙo wa Dawuda da hannu biyu. Dawuda ya dubi gwangwanin, ya tuna rabonsa da furar Kano. Ya yi bismilla, ya kurɓa. Ɗaci kamar maɗaci!

"A sa maka sukari?" in ji Tsoho.

"Bar shi. Garinsu ya ba ni."